Jijjigar inji da gargadar tafiya a motocin jif da a-kori-kura: Yadda ake gano tushen matsalar

Ƙorafi biyu ne suka fi kai masu manyan motoci irin su Hilux da Prado da Highlander da Pathfinder gareji. Na farko shi ne inji ya daina tafiya daidai, yana karkarwa a tsaye, yana shaƙewa idan an taka totur. Na biyu kuma motar ta yi tauri a kan hanya, kowane ɗan rami sai na ciki ya ji shi a ƙugunsa. Sau da yawa mai mota yakan dunƙule su cikin magana ɗaya ya ce wa bakanike, "motar tana jijjiga." Daga nan ake fara laluben cikin duhu: a canza fulogi, a wanke nozul, a sayo shokozoba, kuɗi su tafi, jijjiga kuwa tana nan daram.

Raba matsalolin biyu ba ya buƙatar kayan aiki. A tsayar da mota wuri ɗaya, giya a sake, a riƙa ƙara wuta a hankali. Idan jijjigar ta bayyana alhali tayoyi ba sa juyawa, to daga inji take ko daga robobin da yake zaune a kansu. Idan kuwa ba ta zuwa sai mota ta kai wani gudu, kuma tana nan ko an ɗaga ƙafa daga totur, to a bar inji ya huta, a duba taya da ƙasan mota. Wurin da ake jin ta ma shaida ne. Wadda ke kaɗa sitiyari yawanci daga tayoyin gaba take, wadda ake ji a kujera da daɓen mota kuma daga baya ko daga firofela.

Idan inji ne

Injin fetur, ko mai fulogi huɗu ne kamar 2.7 na Hilux, ko mai fulogi shida kamar 4.0 na Prado, kowace silinda a cikinsa tana buƙatar abu huɗu kafin ta yi aiki: iska, mai, tartsatsin wuta da matsi. Iska da mai suna da ma'auni, wajen kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na fetur a nauyi. Da zarar ɗaya daga cikin huɗun ya gaza a wata silinda, sai ta tsallake bugunta, sauran su ɗauki nauyinta, inji ya riƙa ɗingishi. Wannan shi ne abin da kanikawa ke kira misin. Lafiyayyen injin da ya ɗumama yakan tsaya a silo tsakanin juyi 600 zuwa 800 a minti, allurar ba ta rawa.

Abin farko da ya kamata a kalla shi ne fitilar nan mai hoton inji a gaban direba. Idan ta kama ta tsaya, ƙwaƙwalwar mota ta ga wani abu ta adana, ana iya kai motar gareji a hankali. Idan kuwa tana ƙiftawa, misin ɗin ya yi tsanani, ɗanyen fetur yana wucewa zuwa salansa yana ƙonewa a cikin katalis, wato abin da kanikawa ke yi wa laƙabi da indomi. Tafiya mai nisa a wannan hali tana iya narkar da shi, kuma kuɗinsa ya ninka na fulogi da kwayil sau da yawa.

Tun daga 1996 dokar Amurka ta wajabta wa ƙananan motoci da a-kori-kura tsarin binciken da ake kira OBD-II, kuma mafi yawan jif-jif ɗin tokumbo da ke yawo a Najeriya daga can suka fito. Soket ɗinsa mai baki 16 yana ƙarƙashin sitiyari. Idan an jona na'urar bincike, takan fitar da lamba. P0300 na nufin misin ɗin yana yawo tsakanin silindu, P0301 silinda ta ɗaya, P0302 ta biyu, haka har ƙarshe. P0171 da P0174 kuma suna nuna iska ta yi wa mai yawa. Amma lamba tana nuna inda ciwo yake ne kawai, ba ta faɗin abin da ya jawo shi. Bakaniken da ya ga sunan wata sansa a allon na'ura ya ce a je Ƙofar Ruwa ko Panteka a sayo ta nan take, bai gama aikinsa ba, domin sau da yawa sansar gaskiya take faɗa, laifin yana wani wuri.

Akwai gwaji mai sauƙi da ba ya cin ko kwabo. Idan na'ura ta ce silinda ta uku ce, a cire kwayil ɗinta a musanya shi da na silinda ta ɗaya, a goge lambar, a tayar da inji. Idan misin ya koma ta ɗaya, kwayil ne ya mutu. Idan ya tsaya a ta uku, a yi wa fulogi irin wannan musanya, sannan nozul. Idan duk an zagaya misin bai gusa ba, saura matsi ko wayoyin da ke zuwa silindar.

Fulogin da aka ciro shi ma yana da labarin da yake bayarwa. Baki mai launin toka ko ƙasa-ƙasa alamar lafiya ce. Baƙi mai busasshen kunkunniya na nuna mai ya yi yawa, jiƙaƙƙe da baƙin mai kuma na nuna ringi ko robobin bawul sun saki. Idan an tarar da baƙin mai kwance a ramin da kwayil ke shiga, gaskit ɗin murfin inji ne ke yoyo, kuma zai ci gaba da kashe kwayil komai sabuntarsa. Fulogin tagulla na yau da kullum yakan yi wajen kilomita 30,000, na iridiyom kuwa yana iya haura 100,000, idan na gaske ne. Jabunsa ya cika kasuwa, cikin kwali mai kyan gani, kuma shi ya sa ake ganin motar da aka yi wa sabis makon jiya ta dawo tana tari. Masu wankin mota da ke harba ruwa mai ƙarfi cikin inji su ma suna da nasu kason, domin ruwan yakan kwanta a ramin fulogi.

Lokacin da matsalar ke bayyana yana taimakawa ƙwarai. Injin da ke rawa a silo amma ya daidaita idan an ƙara wuta, yawanci iska ce ke shiga ta ɓarauniyar hanya, ta wata tsagaggiyar roba ko gaskit, ko kuma maƙogwaron totur ya yi datti. Bayan an wanke maƙogwaron, wasu motocin sai an sake koya wa ƙwaƙwalwarsu silo, in ba haka ba allura ta yi ta hawa da sauka. Wanda ke zaune lafiya a silo amma ya shaƙe a hawan tudu ko wajen wuce tirela, mai ne ba ya isar sa, ko kwayil ne ke gazawa idan nauyi ya hau. A nan ana auna ƙarfin famfon mai da geji. Famfon yana cikin tanki, kuma fetur ɗin da yake ciki shi ke sanyaya shi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, yawo da tanki a ƙasa ya zama ɗabi'ar dole ga mutane da yawa, famfo kuma shi ke biyan bashin, yana zafi yana kwasar dattin gindin tanki.

Ingancin man kansa abin tuhuma ne. A watan Fabrairun 2022 hukumomin mai na Najeriya sun tabbatar da cewa an shigo da fetur mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da ƙima daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam, motoci suka lalace, aka shiga dogon layi a gidajen mai. Wannan babba ne da duniya ta ji. Ƙananan da ba a ji su ne tankin gidan mai da ruwan damina ya shiga, da jarkokin 'yan bumburutu. Idan mota ta fara tari jim kaɗan bayan an sha mai, a zuƙo kaɗan a zuba a kwalba mai haske a ajiye. Ruwa ya fi fetur nauyi, zai kwanta a ƙasa a gan shi ƙarara.

A Arewa, ƙurar hunturu tana da nata aikin. Matatar iska takan toshe tun kafin lokacin da littafin mota ya ɗiba mata. Busa ta da iska mai ƙarfi, kamar yadda aka saba, yana iya yaga takardar, ƙura ta wuce ta lulluɓe siririyar wayar sansar da ke auna iska, ƙwaƙwalwa ta riƙa lissafin mai a kan ƙarya. Ana wanke wannan sansa da maganin feshinta na musamman, ba da fetur ba, kuma ba a taɓa wayar da hannu.

Akwai al'adu biyu na gareji da suka cancanci a yi musu magana. Ɗaya ita ce cire tamostat da haɗa fanka kai-tsaye, da hujjar cewa ƙasarmu akwai zafi. An ƙera inji ne ya yi aiki a wajen digiri 90. Idan ya kasa kaiwa nan, ƙwaƙwalwa za ta ɗauka har yanzu safiya ce, ta ci gaba da zuba mai da yawa, fulogi ya yi baƙi, shan mai ya ƙaru. Ɗayar kuma ita ce ɗura baƙin mai mai kauri irin 20W-50 a injin da aka rubuta wa 5W-30 ko 0W-20. Injinan zamani da matsin baƙin mai suke sauya lokacin buɗewar bawul, kamar tsarin VVT-i na Toyota, kuma hanyoyin man sirara ne. Mai kauri ko wanda ya daɗe ya zama kwalta yakan maƙale su, sai a ga silo ya rikice ba tare da wani fulogi ya mutu ba.

Idan wuta da mai da iska duk sun fita zargi, sai a auna matsi. Bambanci tsakanin silindu bai kamata ya wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ba. Farin hayaƙi mai yawa da ba ya yankewa bayan inji ya yi zafi, tare da ruwan lagireto da ke raguwa ba tare da yoyo ba, da murfin baƙin mai da ya yi kamar madara, duk suna nuna gaskit ɗin kan inji ya ƙone. Shuɗin hayaƙi baƙin mai ne ke ƙonewa. Kafin a yarda a sauke inji, mai mota yana da haƙƙin a nuna masa wannan awo da idonsa.

Masu injin gas, wato dizal, lissafinsu daban ne, domin babu fulogin wuta, matsi ne ke kunna mai. Abokan gabansa su ne ruwa, datti da iska a cikin bututun mai. A ƙarƙashin matatar mai akwai ɗan kofi da ke tara ruwa, da abin kwancewa a zubar, kuma akwai fitilar da ke kamawa idan ya cika. Injinan Hilux da Prado na D-4D suna harba mai da matsin da ya haura bar 1,500, ta ramukan nozul da suka yi kusan siririn gashi, saboda haka gas ɗin da aka gauraya da kananzir ko wanda aka dafa a matatun daji yana cinye su da wuri. Tsohuwar dabarar kwance bututun nozul ɗaya-ɗaya inji na aiki, wadda ake yi wa tsohon Land Cruiser mai injin 1HZ, haɗari ce a waɗannan, domin man yana iya huda fata. Sannan sabon nozul yana zuwa da lambarsa da dole a shigar wa ƙwaƙwalwar mota. Idan inji yana rawa da farin hayaƙi da asubar hunturu kawai, ya daina bayan minti kaɗan, a fara duba hitocinsa.

Tsakanin inji da taya

Wani lokaci inji lafiyarsa ƙalau, robobin da yake zaune a kai ne suka fashe. Alamar ita ce jijjigar da ke ƙaruwa idan an sa giya ana tsaye a kan birki, ta ragu da zarar an saki giyar, wani sa'in da ƙara guda idan an tashi. Firofela kuma, idan gicciyen da ke haɗa ta ya ci, takan yi ƙwal a lokacin sa giya, ta kawo gurnani a ƙasan kujera yayin ƙara wuta. Yawancin na Hilux da Land Cruiser suna da kan giris da aka manta da shi. Motocin da ake sa wa giyar taya huɗu da hannu, kamar Hilux, ba a yi su don tafiya da ita a busasshiyar kwalta ba. Wanda ya fito daga yashi ya manta bai cire ba, zai ji mota tana turjewa tana tsalle a kwana. Jijjigar da ba ta zuwa sai an taka birki kuma, faifan birki ne ya daina zama daidai.

Idan tafiyar ce ta yi tauri

Mafi arhar gyara a duk wannan babi shi ne iskar taya, kuma shi aka fi tsallakewa. Adadin da ya dace yana rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba ko a littafin mota, kuma a yawancin jif-jif yana tsakanin 29 da 35 a ma'aunin psi idan babu kaya. Lambar da ke jikin taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba abin da ake so a zuba ba. Masu faci da dama sukan cika har 45 ko 50, wasu da gejin da ya daɗe da mutuwa, wasu da bugun ƙarfe da sauraron ƙara. Taya mai irin wannan iska ba ta lanƙwasa, kowane tsakuwa sai ta miƙa shi ga na ciki, tsakiyarta ta cinye da wuri, riƙonta ga hanya ya ragu. Ana awo ne da safe kafin mota ta yi tafiya. Iska tana ƙaruwa da wajen psi ɗaya a duk ƙarin digiri biyar zuwa shida, don haka tayar da ta yi gudu a kwaltar Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu za ta nuna sama da yadda aka bar ta, kuma ba a rage mata a wannan hali. Ƙaramin geji a aljihun mota ya fi dogaro da na bakin titi.

Irin tayar ma yana da tasiri. Mai harufan LT an yi ta ne don kaya, gefenta mai tauri ne, haka ma mai manyan haƙora ta shiga laka. Wanda ya cire wili mai inci 17 ya sa mai 20 ko 22 don ado, ya rage robar da ke tsakaninsa da rami, kuma a hanyoyinmu wili zai lanƙwashe. Shekarun taya suna jikinta cikin lamba huɗu: 2321 na nufin mako na 23 a shekarar 2021. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta daɗe tana gargaɗi a kan tsofaffin tayoyi, musamman na tokumbo, waɗanda zanensu ke da kyau amma robar ta bushe ta ƙandare. Jijjigar da ke zuwa tsakanin kilomita 80 da 110 a awa, ta lafa idan an wuce ko an rage, kusan kullum rashin balansin ne, ko laka ta bushe a cikin wili. Wadda ake ji tun a tafiyar hawainiya, mota na yin kamar tana rangaji, a nemi ƙullutu a jikin taya, domin wayar cikinta ta rabu, kuma irin wannan taya fashewa take jira.

Sifirin shi ke ɗaukar nauyin mota, aikin shokozoba kuwa hana sifirin ci gaba da lilo. Shokozoban da ya zubar da mansa yakan bar mota tana ta sama da ƙasa bayan an wuce rami, tana dungure da gaba idan an taka birki, taya kuma ta riƙa cinyewa gurbi-gurbi. Wanda ya lanƙwashe ko ya ƙage shi ke kawo taurin da ake ji kamar amalanke. Danna kusurwar mota a saki yana nuna wanda ya mutu murus, idan ta yi lilo fiye da sau biyu, amma a mota mai nauyin Prado wannan gwaji ba ya kama mai rabin rai. Ana canza su biyu-biyu, dama da hagu. Na tokumbo da ake wankewa a fesa wa fenti caca ne, domin babu mai sanin kilomita nawa ya ci a ƙasar da ya fito.

Game da a-kori-kura, akwai taurin da ba cuta ba ne. Sifirin bayan Hilux na falle-falle an yi shi ne don ɗaukar kusan tan guda, saboda haka idan bodin babu komai dole ya yi tsalle, kuma yakan yi laushi da an ɗora 'yan buhuna. Ɗan kasuwar da ya sa aka ƙara falle don lodin hatsi daga Dawanau ya sayi ƙarfi ne da jin daɗi, ba zai samu duka biyun ba. Akasin haka shi ne sifirin da lodi ya kwantar, har gatarin baya ya riƙa dukan robar tsayawa a kowane rami. A duba robar, idan fuskarta ta yi sheƙi ko ta farfashe, an samo mai laifi. Motocin da aka mayar masu amfani da iskar gas ta CNG su ma a lura da bayansu, domin tukunyar ƙarfen nauyi ce da ba ta sauka.

Manyan jif na alfarma suna da tasu rigimar. Range Rover da wasu Prado suna tafiya a kan jakar iska, idan ta tsage ko injin hura ta ya mutu, sai a wayi gari mota ta durƙusa, tafiyarta ta koma ta katako. Lexus LX 470 da LX 570 kuma da ruwan haidirolik suke aiki, tare da wasu ƙwallaye masu iskar naitirojin. Idan iskar ta tsere, motar takan yi tauri da tsalle ko da tsayinta bai canza ba, kuma canza shokozoba ba ya magance shi. Tsarin yana da ruwansa na musamman, zuba masa man birki ko na sitiyari lalata shi ne.

Sauran ƙararrakin ƙasan mota, ƙwal-ƙwal a kan gargada da sitiyari mai wasa, na bushin ne da bol-joyin da tayarod. Bol-joyin shi ne wanda ba a yi wa jinkiri, domin idan ya fita taya ce ke kwanciya ana cikin gudu. Ana ɗaga mota a girgiza taya sama da ƙasa, sannan dama da hagu, a ga inda take motsi. Idan an sa sabon bushin, ba a ɗaure ƙusoshinsa ƙarshe sai an sauke mota ta tsaya a kan tayoyinta, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta yage cikin 'yan watanni. Bayan duk wani aiki da ya taɓa tayarod ko hannun taya, sai an kai mota an yi mata alaimen kafin a hau babbar hanya.